Yadda Ake Kai 'Yan Firamare Zangon Kimiyya Na Kwana Ɗaya

Yaro zai iya haddace cewa ganye yana fitar da ruwa, ya rubuta a jarrabawa, ya ci maki, bayan mako biyu ya manta. Amma ranar da ya ɗaure farar leda a reshen bishiya da hantsi, ya dawo bayan awa uku ya tarar ruwa ya taru a gindinta, tambayar da zai fara yi ita ce, "Malam, wa ya zuba?" Gani ya kori ji. Don wannan tambayar ake kwashe ɗalibai a kai su su kwana a fili. Sai dai zangon dare ɗaya ne tak, kuma mafi yawan aikin da zai mayar da shi darasi a cikin aji ake yin sa, kafin tafiya da bayan dawowa. In aka tsallake wannan, yawon buɗe ido kawai aka yi, an kuma hana malamai barci a banza.

A fara daga aji

Makonni huɗu zuwa shida kafin ranar, a manna babbar takarda a bango, duk wanda ke da tambaya game da abin da ke waje ya rubuta. Za ku sha mamaki. Ina kwaɗi suke zuwa da rana? Me ya sa wata yake bin mutum in yana tafiya? Yaushe sanyi ya fi tsanani, tsakar dare ko asuba? Kada malami ya yi saurin ba da amsa, ko da ta zo masa a baki. A zaɓi tambayoyi uku ko huɗu waɗanda za a iya amsawa da ido da ma'auni cikin yini ɗaya da dare ɗaya, kowane yaro ya rubuta hasashensa. Da wannan hasashen za a gwada abin da aka gani.

Kowa ya samu ƙaramin littafi da fensir. Biro ba ya son raɓa, tawada kan watse a takarda mai danshi. A koya musu cewa duk shafi yana farawa da kwanan wata da lokaci da wuri, sannan zane, sannan lamba. A fita filin makaranta sau biyu ko uku su gwada karanta ma'aunin zafi, su auna inuwa da rula, su riƙe gilashin ƙara girma daidai, wato kusa da ido, a matso da abin har ya fito sarai. Yaron da bai taɓa karanta ma'aunin zafi da rana ba, ba zai iya da tocila cikin duhu ba.

A raba su rukuni-rukuni na mutum huɗu ko biyar tun yanzu, kowa da aikinsa: mai aunawa, mai rubutu, mai kula da kaya, mai duba agogo. A riƙa juya aikin, domin in aka ƙyale su, masu baki ne za su riƙe kayan awo, masu kunya su ƙare da riƙon jaka.

Wuri da rana

Ba sai an nausa daji ba. Ana neman wurin da ke da bishiyoyi da ciyawa, da buɗaɗɗen fili da ake ganin sama, nesa da hasken fitilun gari. Dole a samu ruwan sha mai tsabta, da bayan gida, da gini mai rufi da za a fake in hadari ya taso, da hanyar da mota za ta shiga ko da tsakar dare. Malami ya je da ƙafarsa kafin ranar, in da hali ya kai har duhu ya shiga. Ya duba ko waya tana samun sabis, ya san asibitin da ya fi kusa da tsawon tafiyar zuwa can. Kada a kafa tanti a kwari ko busasshen rafi, ko ƙarƙashin bishiya mai matattun rassa.

Zaɓen rana kuwa, wata ne zai yanke hukunci. Yana cika zagayensa cikin kusan kwana 29 da rabi. Mutane da yawa sukan zaɓi daren farin wata don haske, alhali shi ne mafi muni ga kallon sama: haskensa yana shafe ƙananan taurari, shi kansa kuma yakan fito fayau babu inuwar da za ta nuna ramukansa. Na fi son wata ɗan kwana huɗu ko biyar. Da faɗuwar rana yana nan a yamma, ana ganin ramuka da duwatsu a kan iyakar haske da duhu, sannan ya faɗi bayan awa uku zuwa huɗu ya bar wa taurari fili. In makaranta na da zaɓi, wajen 12 ga Agusta da wajen 14 ga Disamba kowace shekara akan ga taurari masu faɗowa da yawa.

Iyaye

A kira taro, takarda kaɗai ba ta isa ba. Uwar da ɗanta bai taɓa kwana a wani wuri ba tana son ta ga fuskar wanda zai kula da shi. A gaya musu wurin, da lokacin tashi da dawowa, da sunayen manyan da za su kwana, da cewa maza da mata kowa da tantinsa da mai kula da shi. Takardar amincewa ta ƙunshi lambobin waya biyu, da tambaya kan asma, farfaɗiya, sikila, abincin da jikin yaro ba ya karɓa, da maganin da yake sha. Akwai tambaya ɗaya da ake yi a keɓe: ko yaro yana fitsarin kwance. Ya fi yawa a wannan shekarun fiye da yadda ake zato, kuma yara da dama sukan ƙi zuwa saboda shi ba tare da sun faɗi dalili ba. Duk magani a hannun babba ɗaya zai zauna, da sunan yaro da lokacin sha, in ban da abin shaƙa na masu asma, wanda dole ya kasance kusa da mai shi.

Manya da dokoki

A ganina babba ɗaya ga yara shida zuwa takwas, kuma ko yaran ba su da yawa kada manya su gaza uku, domin in ɗaya ya tafi asibiti da yaro a bar biyu. Aƙalla ɗaya ya iya taimakon gaggawa. Babba ba ya keɓewa da yaro ɗaya inda ba a ganin su, wannan kariya ce ga yaron da malamin gaba ɗaya.

Dokokin yara kada su wuce abin da za su iya riƙewa. Ba a tafiya ko'ina sai da abokin tafiya, har bayan gida. In aka ji usur sau uku, kowa ya bar abin da yake yi ya zo wurin taro. Ba a sa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, ba a cin komai da aka tsinta. A kakkaɓe takalmi kafin a sa, saboda kunama. Ba a kallon rana da madubin hangen nesa ko na ƙiftawar ido, yana iya makantarwa. Ƙidayar kai kuwa a yi ta har a gaji: a mota, a wurin abinci, kafin barci, da farkawa.

Kaya ba su da yawa: ma'aunin zafi, sanda miƙaƙƙiya, rula, fararen ledoji da zare, kofunan roba, farin zanen gado, fitila mai haske, gilashin ƙara girma, madubin hangen nesa ko guda biyu. Kowane yaro ya zo da tocila, rufaffen takalmi, rigar sanyi, abin shimfiɗa, da gidan sauro inda ake da sauro.

Yini

A isa da hantsi, a kafa tantuna, a zagaya da yara a nuna musu iyakar da ba a ƙetarewa. Daga nan a kafa sanda a fili, a riƙa sa tsakuwa a bakin inuwarta duk rabin awa ana auna tsawonta. Inuwar za ta yi ta gajarta har rana ta take tsaka, sannan ta koma tsawo, kuma mafi gajarta tana kwance ne a layin kudu da arewa. A nan ne labarin Iratostanis, wani masani Bagirke, ke shiga: fiye da shekara 2,200 da suka wuce, ya san cewa akwai ranar da rana ke tsayawa tsaye a kan garin da yanzu ake kira Aswan a Masar, alhali a Iskandariyya a ranar inuwa tana karkata da digiri 7 da ɗan ɗoriya, wato kashi 1 cikin 50 na da'ira. Da wannan ya lissafa faɗin zagayen duniya. Yara sukan kalli sandarsu da wani ido bayan sun ji haka.

Kafin azahar a ɗaure ledoji a rassa masu ganye, wasu a rana wasu a inuwa, ɗaya kuma a busasshen reshe don a samu abin kwatantawa. A rataye ma'aunin zafi a inuwa, sama da ƙasa da kamar mita ɗaya da rabi, a riƙa karantawa duk awa. Da la'asar a binne kofuna har bakinsu ya yi daidai da ƙasa, a sa ɗan ganye a ciki, a bar su su kwana don ƙwarin da ke yawo da dare su faɗa ciki. Kada a cika jadawali maƙil. A bar musu awa guda su yi guje-guje, in ba haka ba da daddare za su yi.

Dare

Nan ne zuciyar zangon. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma tocila ɗaya ta isa ta rushe wannan nan take. Don haka a ɗaure jar leda a bakin kowace tocila, domin jan haske bai cika ɓata sabon ba. Wayoyin manya su ma su shiga aljihu, su ne suka fi karya wannan doka.

A kwantar da yara rigingine a kan tabarma, a yi shiru na minti biyar, kowa ya ƙirga sautin da ya ji. Daga nan a fara da wata, wanda ke nesa da mu da kusan kilomita 384,000. In Zara tana yamma a nuna musu ita, a ce su lura ba ta ƙyafta-ƙyafta kamar sauran, domin duniya ce mai zagaya rana irin tamu. In lokacin Kaza da 'Ya'yanta ne, kowa ya ƙirga taurari nawa yake gani a gungun, yawanci shida ne, sannan a ba shi madubi ya ga sun ninka. In Mushtari, ita ma wata duniya mai zagaya rana, tana sama, a jingina madubin a kan wani abu don kada hannu ya yi rawa, za a iya ganin ɗigo-ɗigo a jere a gefenta, su ne watanninta huɗu da Galileyo, wani masani ɗan Italiya, ya gani a 1610.

Gwajin da na fi so ba ya buƙatar kaya. Yaro ya tsaya wuri ɗaya, ya zaɓi tauraro mai haske a saitin kan wata bishiya, ya zana. Bayan awa ɗaya ya dawo daidai inda ya tsaya. Tauraron ya gusa yamma. Duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, dunƙulen hannu in an miƙe shi kuwa yana rufe kusan digiri 10, saboda haka yaro zai iya aunawa da hannunsa.

Bayan an gama da sama, a rataye farin zanen nesa da tantuna a haska shi da fitila. Ƙwari za su taru. A ƙirga ƙafafu, shida ga ƙwaro, takwas ga gizo-gizo. In yaro ya riƙe tocila a gefen idonsa ya haska ciyawa, zai ga ƙananan ɗigon haske, idanun gizo-gizo ne. Wani rukuni kuma ya ƙirga kukan gyare cikin daƙiƙa 15 ya rubuta tare da zafin lokacin. Gyare ya fi saurin kuka in da ɗumi, wani masani a Amurka mai suna Dolbear ya wallafa lissafin haka tun 1897.

Ƙarfe tara da rabi zuwa goma a kwanta. Ba kyandir, ba gawayi, ba risho a cikin tanti, saboda gobara da hayaƙin da ke kisa ba tare da wari ba. Manya su raba daren, kullum akwai mai ido biyu, shi ne kuma zai ci gaba da karanta ma'aunin zafi. Za a samu mai kukan gida. Kada a yi saurin kiran iyaye, a zauna da shi a bakin tanti a ba shi aikin riƙe tocila, yawanci minti goma ya isa. Mai fitsarin kwance a tashe shi a hankali kafin tsakar dare, a ajiye masa kayan canji inda shi kaɗai ya sani. In aka ji tsawa, tanti ba mafaka ba ne, a kwashe kowa zuwa gini ko cikin mota mai rufi, a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Daga can ma ana iya darasi: kowace daƙiƙa 3 tsakanin walƙiya da ƙara kusan kilomita ɗaya ce. In maciji ya sari wani, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaurewa tam, a hana gaɓar motsi a nufi asibiti.

Asuba da komawa aji

A tashe su kafin fitowar rana su karanta ma'auni da kansu. A daren da sama ta washe, a nan ne sanyi ya fi tsanani, ba tsakar dare ba kamar yadda yawancinsu suka yi hasashe. Su taɓa raɓa a ciyawa, su duba ko akwai ta a ƙarƙashin bishiya. A tono kofuna, a zana abin da ya faɗa ciki, a sake shi inda aka kama shi, a cike ramukan, a kwance ledoji, a tsince shara.

Cikin kwana biyu ko uku da dawowa, tun abin bai huce ba, a buɗe littattafan. Lambobin zafi su zama jadawali a darasin lissafi, zanen ƙwari ya hau bango, kowane rukuni ya tsaya gaban aji ya faɗi hasashensa da abin da ya samu. In lambobin rukuni biyu suka saɓa, kada malami ya zaɓi ɗaya ya ce shi ne daidai. Ya tambaye su inda kowa ya rataye ma'auninsa, da tsayin da ya rataye shi, da wanda ya karanta. Yaran da ba su samu zuwa ba a ba su lambobin su zana jadawalin tare da kowa, gwajin sanda da na leda kuma a maimaita musu a filin makaranta, waɗanda suka je su ne za su koyar. Sauran tambayoyin da ke kan takardar bango a bar su a wurin, a ƙara sabuwar takarda a gefe don waɗanda aka dawo da su.