Yadda na gyara mitar juyin inji bayan canza allon mitoci

Alhamdu lillahi, allura ta motsa. Na cire allon mitocin tsohuwar a-kori-kurata mai silinda 4, na sa wanda ke da mitar juyin inji. Mitar mai da ta zafi suka kama aiki nan take, ita kuwa ta juyi ko gezau.

Fis na fara zargi, lafiyarsa ƙalau. Wuta na isa bayan allon, wayar ƙasa ma a ɗaure take tam. Ashe ramin sigina a soket ɗin motar, wato inda wayar da ke kai wa mitar saƙon juyin inji ke shiga, wayam yake. Tun asali ba a ja masa waya ba, tunda tsohon allon ba shi da wannan mitar.

Na fara cire kan batir na negatif. Na bi siririn layin tagulla da ke bayan allon, daga ƙusar mitar har bakin soket, na gane ramin. Sai na ja sabuwar waya daga gefen negatif na kwayil, wato na'urar da ke ba fulogi wutar tartsatsi, domin a nan wuta ke yankewa a kowane tartsatsi, shi mitar ke ƙirgawa. Na zura ta cikin robar bangon inji, nesa da wayoyin fulogi da zafin salansa, na liƙe bakin da dalma.

Ina tayarwa allura ta tsaya wajen juyi 800 a minti ɗaya, daidai da na'urar awo ta hannu. Ku tabbatar yawan silinda ya dace: allon mota mai 6 a kan inji mai 4 kashi biyu cikin uku na ainihin juyin kawai zai nuna.

Na gode wa mai wayarin ɗin da ya ara mini na'urar.