Farfadiya da tsutsa a kwakwalwa: yadda za ku kai mara lafiya hoton kai

'Yan uwa, in babba ya fara faduwa yana shure-shure alhali tun yarinta bai taba yi ba, dan Allah kada a tsaya a kan hayaki da rubutun sha kadai, a hada da asibiti, a tambayi likita maganar hoton kwakwalwa, wanda muke cewa sikana. Dalili shi ne akwai tsila irin ta alade, Taenia solium, wadda kwanta ke shiga jikin mutum ya kyankyashe, 'ya'yan su bi jini su je su yi kululu a kwakwalwa, sai bayan shekaru farfadiya ta bullo. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a wuraren da tsilar ta yi yawa kusan kashi 30 cikin 100 na masu farfadiya ita ce sanadi.

Na san wani zai ce to mu ina ruwanmu, ai ba mu cin alade. Nan ne fa mutane ke rudewa. Cin naman yana sa tsila a hanji ne, amma na kwakwalwa daga kashin mai dauke da tsilar yake fitowa, kwan ya hau hannu, ya shiga ruwan sha ko salak da tumatirin da ba a wanke ba, kai da ko warin alade ba ka taba ji ba ka hadiye. Kuma ana kiwon alade sosai wajen Yaguwa da Bongor da Pala, kasuwa daya muke ci, ruwa daya muke sha.

Kafin ku tashi, in abin ya motsa wani ya dauki bidiyo da waya, likita ba ya nan lokacin faduwar, bidiyon ya fi dogon bayani. Ku rike yawan faduwar, da ko akwai ciwon kai mai tsanani ko amai ko gani dishi-dishi. Likita ne ke rubuta takardar hoto, a manyan garuruwa ake yi irinsu Garwa, Marwa, Ngaundere da Njamena, amma ku buga waya tukuna ku ji injin na aiki da nawa ne kudin, kada ku kashe kudin mota a banza.

Hoton kansa babu zafi wallahi, kwanciya ce a kan gado ya shige cikin zobe, minti 10 zuwa 15 an gama. Wani lokaci sai an yi allurar da ke haska hoton, shi ya sa suke fara duba koda. Mai ciki ta fada tun a bakin kofa. IRM, wani irin hoton da ake yi da maganadisu, ya fi nuna tsutsa mai rai, sai dai tsada da kara, kuma mai karfe a jiki dole ya sanar.

Abin da hoton ya nuna shi ke yanke magani. In kululun na da rai, ana ganinsa kamar 'yar jakar ruwa da digo a ciki, likita zai ba da albendazole, wani lokaci da praziquantel, tare da maganin kumburi irin dexamethasone. In ya riga ya mutu ya daskare ya zama farin digo, maganin tsutsa ba shi da sauran aiki, sai na farfadiya irin Gardénal ko Tégrétol. Shi ya sa nake rokonku kada ku saya wa mai farfadiya maganin tsutsa a teburin kasuwa, tsutsar in tana mutuwa kwakwalwa kumbura take yi, ba tare da kulawar likita ba abin na iya kai mutum lahira.

Maganin farfadiya kuma ba a yanke shi don an ga wata biyu lafiya. In mai farfadiya ya fadi a kwantar da shi ta gefe, a janye shi daga wuta da ruwa, kada a cusa cokali a baki, yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon. Ya wuce minti 5 bai tsaya ba, a dauke shi sai asibiti. In an tabbatar tsutsar ce, mutanen gidan ma su kai kashi gwaji, watakila mai tsilar yana cikinku bai sani ba.