Yadda ake auna kwararar narkakkiyar farar wuta a cikin bututu

Farar wuta, wadda ma'aikatan masana'antu ke kira salfa, tana narkewa a wajen digiri 115 na ma'aunin Selsiyos, amma da zarar zafinta ya haura 159 sai ta fara yin kauri kamar danƙo, har kaurin ya kai maƙura a wajen 187. Saboda haka ake riƙe ta tsakanin digiri 130 da 150, kuma duk wanda ya fita daga wannan tazara, kowace irin mita ya saya ba za ta gaya masa gaskiya ba.

Da farko a zaɓi mita. Kada a kashe kuɗi kan mai aiki da maganaɗisu, domin farar wuta ba ta ɗaukar lantarki. Mai auna bambancin matsi ta siraran bututai kuwa, bututan nan ne ke fara toshewa. Mitar da ake kira Koriyolis, mai rigar tururi, wato kwanson da tururi ke zagayawa a cikinsa yana ɗumama ta, ita ce ta dace, domin tana faɗin kilo nawa ke wucewa a awa, tana kuma nuna nauyin lita ɗaya, wanda ya kamata ya tsaya kusa da kilo 1.8. Tana da tsada ƙwarai, amma tsayar da aiki na yini biyu ana fasa daskararren bututu ya fi ta tsada.

A kafa ta a tsaye, ruwan yana hawa daga ƙasa zuwa sama, don ta kasance a cike lokacin aiki, ta kuma tsiyaye idan an tsaya.

Wurin da sababbin ma'aikata ke faɗuwa shi ne zafi. A ba rigar mitar tururi mai matsin bar 3.5 (bar ma'aunin matsi ne), wanda zafinsa ke kusa da digiri 148, a sa mata tarkon tururi, wato na'urar da ke fitar da ruwa ta riƙe tururi, nata na kanta, kada ta yi tarayya da na bututu. Sannan a lulluɓe kowace mahaɗa da kowane bawul, har kan kusoshi, domin tsiraicin da bai wuce tafin hannu ba ya isa ya daskarar da farar wuta daga ciki. Na ga wannan da idona a wata masana'anta a nan Kaduna cikin hunturu, lokacin da iskar asuba ke bugun wata mahaɗa da aka manta ba a mayar mata da lulluɓi ba bayan gyara. Lissafin mita ya riƙa sauka, sai wani matashi ya buɗe wa rigar tururi mai matsin bar 10, yana ganin ƙarin zafi ne magani. Wannan tururi yana kai wa digiri 184, don haka farar wutar da ke manne da bangon bututu ta koma danƙo, famfo ya hau gurnani, kwararar ta ƙara raguwa. Idan lissafi ya sauka, a fara duba tarkon tururi a ga ko ruwa ya taru a rigar, sannan a bi layin da ma'aunin zafi ana neman wuri mai sanyi, kada a taɓa matsin tururi.

Saitin sifili, wato daidaita mitar ta nuna sifili idan babu abin da ke wucewa, ana yin sa ne bayan mitar ta cika, ta ɗau zafin aiki, an kuma rufe bawul na gaba da na baya. Wanda aka yi a sanyi ba shi da amfani. Daga nan a gwada jimillar mitar da nauyin tanka a kan sikeli. Kafin a kwance kowace mahaɗa a rataya na'urar gano iskar H2S, wata iska mai guba, a ƙirji, domin farar wutar da ta fito daga matatar mai tana ɗauke da ita, kuma idan ta yi yawa hanci yana daina jin warinta.