Yadda za ka gane da kunnenka inda Metallica ta sauya salo

Yau shekara talatin da ɗoriya ke nan masoya kiɗan heavy metal, wato kiɗan Turawa mai ƙarar jita da ganga, suna gardama a kan faifan da ƙungiyar Metallica ta Amurka ta fitar ranar 12 ga Agusta, 1991, wanda ake kira Baƙin Faifai saboda launin bangonsa. Wasu na cewa a nan ta gawurta, wasu na cewa a nan ta juya wa tsofaffin masoyanta baya don neman kasuwa. Kafin ka ɗauki ɓangare, ga yadda za ka bi har ka ji sauyin da kanka.

Da farko ka samu iyafis mai kyau ko lasifika mai fitar da sauti mai kauri. Lasifikar waya ba za ta yi maka ba, don rabin abin da za ka nema a ƙasan kiɗan yake.

Na biyu, kada ka fara da Baƙin Faifan. Koma wanda ya gabace shi, ...And Justice for All na 1988, ka kunna waƙar da aka sa wa faifan sunanta. Ta kusa minti goma. Gwada bin gangar da buga ƙafa a ƙasa. Ba za ka yi nisa ba kiɗan zai sulle maka, ya karya kwana, ya dawo da wani gudun daban. Wannan shi ne salon thrash da aka san su da shi: gudu, tsawo, da sarƙaƙiya.

Kana cikin wannan, ka kasa kunne ka nemi jitar bas, wato jitar da ke fitar da sauti mai kauri. Da ƙyar za ka ji ta. Jason Newsted ne ke kaɗa ta, shi ne ya maye gurbin Cliff Burton da ya rasu a hatsarin motar ƙungiyar a Suwidin a 1986, amma wajen haɗa sautin an danne shi har ya kusa ɓacewa. Shi ya sa faifan yake fitowa a bushe ƙayau. Ni kam har yau abin yana yi mini ciwo, don mutumin ya iya hannunsa.

Na uku, ba tare da ka huta ba, ka kunna "Sad But True" daga faifan 1991. A nan za ka fi daɗewa. Gudun ya ragu sosai. An sassauta tsirkiyoyin jita don sautin ya sauka ƙasa. Saurari gangar Lars Ulrich: dukan ɗaya-ɗaya ne, kowanne sai ya gama amonsa kafin na gaba ya sauka, kuma a ƙirji za ka ji shi. Bas ɗin da ka nema ka rasa ɗazu, ga shi nan ya cika wuri. Sake buga ƙafarka, za ka ga wannan karon ba ta kuɓuce ba. A ganina sassauta gudun nan ƙara wa kiɗan nauyi ya yi.

Sai murya. A faifan 1988 mawaƙin ƙungiyar, James Hetfield, kusan tsawa yake yi. Kunna "Nothing Else Matters" ka ji shi yana rera waƙa a tsanake, ga kayan kiɗan goge da Michael Kamen ya tsara a bayansa. Wannan waƙar na cikin abin da ya fi ɓata wa tsofaffin masoya rai.

Daga nan ka duba sunan furodusa. Faifai uku da suka gabata da Flemming Rasmussen ɗan Denmark aka yi su. Wannan kuwa Bob Rock suka ɗauko, ya sa su kaɗa tare a ɗaki ɗaya, suka kwashe watanni a situdiyo a Los Angeles, daga Oktoban 1990 zuwa Yunin 1991. Duba tsawon waƙoƙin ma: guda 12 ne, ba wadda ta kai minti bakwai.

Washegari ka juya tsarin. Fara da Baƙin Faifan, sannan ka koma na 1988, ka rage ƙarar kaɗan saboda kunnenka, ka rubuta abin da ka yi kewarsa a kowanne.