Kafin ka sa hannu a takardar asirans ɗin lafiya

Shekara tara ke nan ina riƙe da takardun asirans na direbobin wani kamfanin jigila a nan Maraɗi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne in ga magidanci tsaye a farmasi, ordonansi a hannu, yaro na zazzaɓi a gida, an ce masa katinsa ba ya aiki. Sau da yawa tun ranar sa hannu matsalar ta samo asali.

Ɗan'uwa, ka fara tambayar kashi nawa na kuɗin magani masu asirans suke ɗauka. In takarda ta ce 80 cikin 100, maganin jika goma kai za ka cika jika biyu. Ka tambayi iyakar abin da suke biya a shekara, da jerin asibitoci da farmasin da ke karɓar katin, da watannin jira kafin su fara biyan haihuwa ko tiyata. Duk amsar da aka ba ka da baki, ka ce a nuna maka ita a rubuce.

Sai batun ciwon da kake da shi. Don Allah kada ka ɓoye. Kamfanonin asirans a Nijar suna aiki ne da dokar CIMA, wato dokar asirans ta haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka, wadda ƙasashenmu suka amince da ita a Yawunde a 1992, kuma ta ce wanda ya yi ƙarya da gangan yarjejeniyarsa ta rushe, kuɗin da ya zuba ma ba za a mayar masa ba. Wani direbanmu ya ɓoye ciwon sukari don kada a ƙara masa kuɗi. Ranar da ya kwanta, takardun likita suka tona, sai da ya sayar da buhunan geronsa. Har yau abin na damuna, domin ni na cika masa takardar ban matsa da tambaya ba.

Dokar ta kuma ce sai an biya kuɗi kariya take farawa, babu bashi. Ka rubuta ranar ƙarewar katinka a inda ido zai riƙa gani, ka sabunta tun da sauran mako biyu. In ƙungiyar taimakon juna ce, wato mituwel, ka nemi dokokinta na cikin gida, su ne ke aiki a kanka.

Idan aka ƙi biya, ka nemi dalili a rubuce, ka haɗa rasit da ordonansi, ka ɗauke su hoto da waya. Shekara 2 doka ta ba ka ta neman haƙƙinka, kuma akwai sashen sa ido kan asirans a ma'aikatar kuɗi a Yamai da za ka kai wa kuka.

A asibitin gwamnati kuwa, tun zamanin Tandja aka yafe kuɗin tiyatar haihuwa da na duba yara ƴan ƙasa da shekara 5. Ko ba ka da kati, ka je da karne, wato littafin rigakafin yaron, a hannu.