Kin sayi kofin al'ada ya ƙi zama? Ga inda matsalar take

Mata da yawa da suka sayi kofin al'ada, wato ɗan kofin nan mai laushi da ake sawa cikin farji ya tari jinin al'ada a juye a wanke a mayar, a watan farko suke yanke masa hukunci, wasu ma ranar farko, sai a wurga shi cikin durowa a ce ai wannan ba namu ba ne. Abin yana min ciwo gaskiya, don kofi ɗaya in kin kula da shi shekaru zai yi miki, wasu kamfanonin har shekara 10 suke cewa, ga kuma yadda kuɗin audugar mata ya koma yanzu. Kuma ba yau aka fara shi ba, tun 1937 wata mata a Amurka mai suna Leona Chalmers ta yi wa nata rajista, nata na roba ne, na yanzu kuwa yawanci silikon ne irin na asibiti mai laushi. A 2019 mujallar Lancet Public Health ta wallafa wani nazari da ya tattara bincike 43 a kansa, aka ga yoyonsa bai fi na audugar mata ba, kuma wajen kashi 70 cikin ɗari na waɗanda suka gwada sun ce za su ci gaba da shi, amma fa sai da hannu ya saba. To ki ba kanki kamar wata uku, a tsakanin nan ki dinga haɗawa da auduga ko ƙunzugu don hankalinki ya kwanta.

Kafin ma ki naɗe kofin, ki fara sanin inda bakin mahaifarki yake, don rabin matsalolin daga nan suke. Cikin kwanakin al'ada za ki duba saboda yana sauka yana hawa. Ki yanke farce, ki wanke hannu da sabulu, ki tsuguna ki sa yatsa ɗaya a hankali har ki taɓo wani abu mai ɗan tauri kamar tsinin hanci. In gaɓar yatsa ɗaya kawai ta shiga kika taɓo shi to naki a ƙasa yake, gajeren kofi ne zai yi miki, in kuwa yatsan ya shige duka da kyar kika ji shi ko ma ba ki ji ba, naki a sama yake, ki nemi mai ɗan tsawo.

Sai batun sakawa. Mai cewa ya ƙi shiga, sau da yawa sama take tura shi a miƙe, alhali hanyar ba haka take ba, ta karkata ne ta baya wajen ƙashin gindi, to can za ki nufa da shi. Naɗin da ake fara nuna wa mutane shi ne a matse bakin a ninka shi biyu, amma wannan bakinsa yana da faɗi, ni ba na ba sabuwar shiga shawararsa. Ki sa yatsa ki danna gefe ɗaya na bakin kofin zuwa cikinsa har ƙasa sannan ki matse, za ki ga ya yi tsini, wannan ya fi shiga da sauƙi nesa ba kusa ba. Ki jiƙa shi da ruwa. In akwai bushewa ki nemi man santsi mai ruwa-ruwa a kemis, kada ki sa basilin ko man kaɗanya ko man zaitun. Ki gwada a banɗaki lokacin wanka, a tsugune ko ki ɗora ƙafa ɗaya kan wani abu, kuma ba lokacin da ake buga miki ƙofa ko kina saurin fita ba. Tsoro yana ɗaure naman wurin, in kin ji jikinki ya ƙi ki bari, ki sha iska, anjima ki dawo. Ba a yin sa da ƙarfi.

Yoyo shi ne ƙorafin da ya fi yawa kuma a nan zan daɗe. In kin cire kofin kin ga kusan ba komai a ciki amma kamfai ya ɓaci, to ɗayan biyu ne, ko bai buɗe ba ko kuma ya wuce ta gefen bakin mahaifa jinin yana bi ta bayansa. Don haka duk sanda kika saka ki zagaya gindinsa da yatsa, ya kamata ki ji shi a zagaye, in kin ji wani wuri ya lotsa bai buɗe ba ke nan. Ki kama gindin ki ɗan juya shi, ko ki tura bangon farji gefe da yatsa don iska ta samu hanya, ko ki ɗan jawo shi ƙasa kaɗan, sau da yawa za ki ji ya buɗe da kansa. Sannan ki ɗan ja jelar, wato ɗan tsinin da ke ƙasan gindin kofin, a hankali, in kin ji ya riƙe to ya kama. Kuma ba can ƙurya ake cusa shi ba, ƙasa da bakin mahaifa yake zama. Ki duba 'yan ƙananan hudojin nan da ke kusa da bakinsa ma, in jini ya toshe su ba zai kama da kyau ba, ki cika kofin da ruwa ki rufe bakin da tafin hannu ki matse, ruwan zai fito ta hudojin ya wanke su.

In kuwa kin cire kin same shi cike to ba laifinsa ba ne, cika ya yi. Yawancin kofuna mililita 20 zuwa 30 suke ɗauka, in bakin mahaifarki ya faɗa ciki ma ya ƙara cinye wuri, sai ki dinga juyewa da wuri a ranakun da jini ya fi zuba, ko ki koma babba, musamman in kin taɓa haihuwa. Ɗan ɗigon da ake gani jim kaɗan bayan sakawa kuma ragowar jinin da ke ƙasan kofin ne, ki wanke wurin da ruwa shi ke nan. Amma 'yar'uwa in kofin yana cika duk awa ɗaya ko biyu, ko kin lissafa jinin wata ɗaya ya haura mililita 80, ki je asibiti a duba ki, wannan ya wuce maganar kofi.

Cirewa ce ke sa mutane kuka. Ki sa a ranki kofin ba zai ɓace a cikinki ba, bakin mahaifa ya tare hanya, ba inda zai wuce. Da safe yakan hau sama, in kin laluba ba ki ji jelar ba kada ki rikice, ki ɗan zagaya cikin gida na rabin awa, ki dawo ki tsuguna sosai ki yi yunƙuri a hankali kamar za ki yi bayan gida, zai sauko. Wajen cirewa jelar ba ta ja ba ce, jagora ce kawai zuwa gindin kofin. Ki matse gindin da yatsa biyu har iska ta shiga ya saki, in ba ki kai gindin ba ki zura yatsa ɗaya ta gefe ki danna bakin, sannan ki fito da shi kina karkata shi dama da hagu, gefe ɗaya na bakin ya fara fita. Fizgo shi yana manne shi ke kawo zafin nan. In kin yi duk wannan ya ƙi har awa 12 ta cika ki tafi wurin ma'aikaciyar lafiya, kada ki sa cokali ko wani ƙarfe, kuma kada kunya ta hana ki.

In kina da masai na rami, don Allah kada ki cire shi a saitin ramin, ki matsa gefe, hannu da santsi yake. A wurin aiki ko makaranta butarki ta isa, ki juye ki ɗauraye ki mayar.

Kofin da ya zauna daidai ba a jin sa. In jelar tana sukar ki wajen zama ki cire shi ki rage ta da almakashi kaɗan-kaɗan, kada ki datse ta duka lokaci ɗaya. In kina jin fitsari a kai a kai ko yana fita da kyar, kofin ya yi miki tauri ne yana danne hanyar fitsari, mai laushi za ki nema. Ba sai kin cire shi za ki yi fitsari ba, hanyar daban ce, amma bayan kin yi bayan gida ki taɓa ki ji ko ya zamo.

Wanki kuma, ruwa mai tsabta da sabulu marar ƙamshi, ban da Dettol ban da Hypo. Ki fara ɗauraye shi da ruwan sanyi don kada ya rine. In al'ada ta ƙare ki tafasa shi minti 5 zuwa 10 a 'yar tukunyar da kika ware masa, ruwa ya sha kansa sosai don kada ya kama ƙasa ya ƙone, ki shanya ya bushe ki sa a jakarsa ta yadi, ba leda ba. Kada ya wuce awa 12 a jikinki, wasu kamfanonin ma 8 suke cewa. In kuma zazzaɓi mai zafi ya rufe ki farat ɗaya da amai ko gudawa ko jiri ko ƙuraje, ki cire shi ki tafi asibiti a take, akwai wata cutar gubar ƙwayoyin cuta da ba kasafai ake samun ta ba amma tana da haɗari.

Mai jego kada ta sa shi don jinin biƙi, sai an yi sati 6 likita ya amince. Mai robar tsarin iyali a mahaifa ta fara tambayar inda aka saka mata, don an samu waɗanda robar ta goce, haka wadda aka yi wa kaciya ko take fama da ƙaiƙayi da fitar ruwa ta fara tambayar likita. Budurwa kuwa gaskiya ita ce yana iya buɗa tantanin budurci ko ya yaga shi, in wannan zai dame ta ta haƙura har bayan aure. Sai maganar tsarki, da yake jinin ba ya fitowa waje kada ki ga kamfai fes ki ɗauka kin samu tsarki, a kwanakin ƙarshe ki cire kofin, ki ɗan jira, ki duba da farar auduga yadda kika saba kafin ki yi wanka.