Kashin tsutsar baƙin ƙuda a lambun kifi: inda ake tafka kuskure

A nan Maradi matasa sun fara haɗa kiwon tarwaɗa da noman salati a ruwa guda: ruwan kifi ya bi ta tsakuwar da ke riƙe da saiwar shuka, ya tace, ya koma tanki. Wasu kuma suna kiwon tsutsar baƙin ƙuda don ciyar da kifin. Garin da tsutsar ke bari, kashinta da saɓarta da ragowar abinci, taki ne mai kyau. Wurin zuba shi ne ake asara.

Babban kuskure shi ne a watsa shi kai tsaye cikin tankin kifi. Ni kaina na yi haka a wani Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Da asuba na tarar da tarwaɗa sun taru a saman ruwa, ba sa kula abinci, ruwan ya yi duhu yana ƙarni. Ɗanyen garin yana ɗauke da amoniya, wani sinadari mai cutar da kifi, kuma ruɓewarsa na cinye iskar da ke cikin ruwa. Ruwan zafi dama iskarsa kaɗan ce, gubar amoniya kuwa ƙaruwa take idan zafi da pH (ma'aunin tsami ko kanwa-kanwar ruwa) suka hau. In ka ga haka, tsayar da abinci, sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwan, ka ƙara musu iska.

Gyaran kuwa daga waje ake fara shi. A tankaɗe garin, a tara shi a inuwa da ɗan danshi, ana juyawa na wasu makonni har ya daina zafi a hannu, warinsa ya koma na ƙasar damina. Sannan a jiƙa kaɗan a bokiti daban, a tace da ƙyalle mai laushi, a zuba ruwan a ɓangaren shuka, ba tankin kifi ba. Dusar da ta rage a ƙyallen ta tafi gindin zogale. In ta shiga bututu toshe shi take yi.

Akwai masu zubawa a sabon lambu tun makon farko. Ƙwayoyin halittar da ke mayar da amoniya abincin shuka suna bukatar mako 4 zuwa 6 kafin su zauna a tsakuwa. Kafin nan, a haƙura.

Abin da tsutsa ta ci shi ke fitowa a takinta. Ragowar miya mai gishiri da magi na sa bakin ganyen salati ya ƙone. Dusar gero da ɓawon mangwaro sun fi.

Sai kuskuren da ke ba ni takaici: sabon ganye ya yi rawaya, jijiyoyinsa kore, mutum ya ce yunwa ce ya ƙara taki. Ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, kuma yana tsananta idan pH ya haura 7, ga shi garin tsutsa sau da yawa ɗaga shi yake yi. Auna ruwanka tukuna, ka riƙe shi tsakanin 6 da 7, sannan ka nemo takin ƙarfe mai narkewa a wurin masu sayar da kayan lambu.